Glenys Ta Ceto Mijinta

Shekara talatin Glenys Tarrant ta yi tana gasa burodi a garin Yamba, ga teku a ƙofar gida, amma sai da ta rufe shago sannan ta shiga horon 'yan sa kai masu ceton mutane a ruwa. Gudu kan yashi ya ba ta wahala, iyo kuwa ko a jikinta.

Ranar gwajin ƙarshe aka rasa wanda zai yi kamar yana nutsewa, sai mijinta Merv ya ce shi zai yi. Ya shiga ruwa ya ɗaga hannu yana jira. Glenys ta hau allon ceto ta ratsa igiyar ruwa har ta iske shi.

"Kama nan, Maigida."

"Baiwar Allah, ban san ki ba. A turo mini mai ƙuruciya."

"Mai ƙuruciya ba ta iya wannan tumbin. Ni na gina shi, na san nauyinsa."

Dariya ta sa Merv ya sha ruwa da gaske. Ta kifa shi kan allon ta kawo shi gaɓa yana tari. A wannan makon aka ba ta hular masu ceto, ja da ruwan ɗorawa.