Shekarar da Sa Ya Ja Ni a Ƙasa

Na dawo Talata Mafara lokacin da ake aikin dam ɗin Bakolori, da harsuna biyar a bakina da tumbi ɗaya a gabana. Na daɗe ina yawon duniya: Khartum, Jidda, Abijan, har da wasu watanni a tashar jiragen ruwa ta Marsel a Faransa. Kamfanin da ke aikin yana neman tafinta, sai aka ɗauke ni. Aikina shi ne in zauna a gaban mota, in mayar da maganar Bature Hausa, in mayar da ta leburori Turanci, bayan na tsince zagin da ke cikin kowace. Abu mafi nauyi da nake ɗagawa a yini shi ne kofin shayi.

Gidanmu gidan fawa ne tun kakanni. Duk babbar salla, bayan ragunan layya, mukan yanka sa, kuma babban ɗa ne ke riƙe igiyar gaba. Igiya biyu ake sa wa sa, ɗaya a ƙaho, ɗaya a ƙafar baya. Na gaba shi ke tsare kan dabbar har na baya ya fizge ƙafa ta faɗi, sannan ya juya wuyanta gabas. Ni ne babban ɗa. Duk shekarun da ba na nan, taubashina ne ke riƙe mini, ɗan ƙanwar mahaifina da ke zaune a Bakura, mutum gajere mai wuya kamar turmi.

Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, don kunyar ɗan fari. In zai yi mini magana, iska yake yi wa. Wata uku kafin salla, muna zaune a zaure, ya dubi rufin ya ce, “A gaya ma mutumen ga na Turawa, bana shi ka riƙon igiya.”

Ni kaɗai ne a zauren tare da shi. Na ce, “To, Baba.”

Ya dubi tumbina sau ɗaya, ya mayar da idonsa rufi.

A ranar na zauna na yi nazari, don nazari kam na iya. Na ga ƙarfi iri-iri a duniya. A Khartum na ga ’yan kokawa suna shafe jiki da toka. A Jidda na ga Indiyawa masu sauke kaya suna tsugunawa suna miƙewa tun kafin rana ta fito, har sai ƙasa ta jiƙe da guminsu. A Marsel na ga ƙarti suna ɗaga ƙarfe a gaban madubi suna kallon kansu. Ko’ina ni ɗan kallo ne, kuma ko’ina na bayar da ra’ayi. Amma a Mafara babu ƙarfen ɗagawa, in ma akwai, magidanci mai albashi ba zai tsaya yana nishi a ƙarƙashinsa mutane na wucewa ba.

Wani tsohon injiniya ɗan Italiya da nake yi wa tafinta ne ya ba ni mafita. Cikinsa a shafe yake kamar faranti. Ya ce ba a bukatar ƙarfe. Ka tura bango da iyakar ƙarfinka ka ƙirga goma. Ka sarƙe yatsun hannuwanka ka ja kamar za ka raba su. Ka jingina da bango ka zauna a kan kujerar da babu ita. Abin ya yi mini daidai: ilimi ne, daga Turai ya zo, kuma a ɓoye ake yi.

Kwana na huɗu matata ta same ni a bayan ɗaki, na dafa katanga da hannu biyu, jijiyoyin wuyana a tsaye.

Ta ce, “Malam, mi katangar ga ta yi ma?”

Na ce motsa jiki nake yi.

“Ai ban ga abin da ya motsa ba.”

Na yi mata bayani a tsanake, cewa tsoka tana ginuwa ko da gaɓa ba ta motsa ba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in ƙarfi nake nema, ga taɓarya can ga gero, ita ma ta huta. Na ce daka aikin da ba shi da tsari ne. Ta ce to, in mai tsarin ya gama, ya matsa ta wuce da tukunya.

A gaskiya abin ya ɗan yi aiki. Nakan auna dantsena da zare in ƙulla alama, kuma ƙullin yana matsawa gaba. Sai wata safiya a tsakiyar damina, bayan an kwana uku ana ruwa, ina ƙirga bakwai katangar ta tafi, ni ma na bi ta. Na tashi a tsakar gidan maƙwabci, cikin kajinsa. Na ba da haƙuri, amma a zuciyata murna nake yi. Na kayar da katanga da hannuna. Sa kuma nawa yake?

Da labari ya kai Bakura, taubashina ya hau kekensa ya zo musamman.

Ya ce, “Bature, an ce ka kashe katanga. Allah shi jiƙanta. Dama tun bara take ciwo.”

Na naɗe hannun riga na nuna masa dantsena. Ya latsa shi kamar mai tayin rago, ya ce, “Akwai nama. Mu ga tahin.” Na buɗe masa tafin hannuna. Ya kalla ya yi dariya, ni kuma ban tambayi dalili ba, don na ɗauka hassada ce.

San wannan shekarar daga Janbako aka kawo shi, ja ne mai dogayen ƙaho, kuma bai saba da mutane ba. Bayan an sauko idi na tuɓe babbar riga na tsaya da singileti, don jama’a su ga abin da wata uku suka haifar. Aka miƙo mini igiya. San ya girgiza kai sau ɗaya, igiyar ta zare a tafina kamar an ja mini wuta. Sai na yi abin da ko ɗan shekara bakwai a gidan fawa ba ya yi: na naɗe ta a wuyan hannuna sau biyu, don kada ta kuɓuce.

Na ji muryar mahaifina: “Kak ka naɗe!” Wannan ne karo na farko da ya yi mini magana kai tsaye a gaban mutane, kuma ya makara.

Igiya ba ta kuɓuce ba, wannan kam na cika alkawari. San ya ɗauke ni muka zaga filin ƙofar gida, ta kan tumbin ragunan da aka zubar, ta cikin kwata, muka nufi masallaci. An ce ina ta ihu da Faransanci. Taubashina ne ya sha gabansa, ya cafke hancinsa da hannu ɗaya, ƙaho da ɗayan, ya murɗa, sai ga sa a ƙasa. Shi ya juya wuyan gabas, kamar kowace shekara.

Da aka gama, mahaifina ya zo inda nake zaune ya dubi tafina, duk ya saɓule. Ya koma yi wa iska magana.

“An ce bango shika turawa. Bango ya taɓa jan mutum?” Ya juya zai tafi. “Baɗi a bar ma na Bakura.”

Wannan ta fi kwatar zafi. Na ce, “Baba, a ƙara mini shekara guda.”

Bai amsa ba sai washegari. Ya ce akwai rijiya a bayan garken da muke tsare shanun yanka, kuma mai ba su ruwa ya tsufa.

Haka na koma jan guga. Kullum bayan sallar asuba sai in cika komayen shanu kafin motar kamfani ta zo. Da rana ina fassara wa mutanen da suka tare kogi suka yi tafki mai kama da teku, da safe kuma ina jawo ruwa guga-guga daga rami. Tafina ya yi bororo, ya fashe, ya warke, ya sake fashewa, har ya yi kanta. Ciwon ya bi kafaɗa ya sauka gadon baya ya shiga cinya, wuraren da bango bai taɓa sani ba. Guga cike yana da ra’ayinsa, yana lilo, yana fizga. A nan na koyi sakar wa igiya kaɗan in sake kamawa, abin da ƙannena suka koya tun ba su san suna koyo ba. Zaren awo ya ɓata, ban neme shi ba. Tumbin ya ragu da rabi, sauran rabin muna tare har yau.

Da salla ta zagayo, mahaifina ya kama hannuna a gaban kowa, ya danna tafin da babban yatsa, ya miƙa mini igiya. San fari ne, ƙato. Na tsaya, na kafe ƙafa, na baya ya fizga, sa ya kwanta. Na juya wuyansa gabas da hannuna. Mahaifina ya dubi sama ya ce, “A gaya mai ya riƙe.” Na yi mako ina tafiya hannuwa a buɗe kamar mai ƙurji a hammata. Abin da kawai na kushe shi ne naman, na ce a Marsel ba a sayar da mai tauri haka.

Sai bayan rasuwar mahaifina da shekaru taubashina ya gaya mini sauran labarin. Ya ce kasuwar Talata uku tsohon ya yi yana zaga karar shanu, yana ƙin shanu masu kyau, har ya sami wani mutumin Maradun da ruwan dam ya cinye gonarsa, yana sayar da tsohon san huɗarsa. San ya shekara goma yana jin maganar mutum. Ko tsawa aka yi masa kwantawa zai yi.

Na ce, “To jan gugar fa? Banza ke nan?”

Ya ce, “A’a, hannunka ya yi. Kawu ya ce ya yi. Amma ya ce ba ya bari ɗanai shi koma ihu da Faransanci gaban masallaci.” Ya kurɓi shayinsa. “Kuma ya hana kowa ya ce naman da tauri. Kwana huɗu muna tamna, Bature. Kai ɗai ka yi magana.”