Lahadin Uloma

A kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa na Kafanchan aka haifi Uloma Onyekwere. Mahaifinta Ibo ne da aikin reluwe ya kawo, a nan kuma ƙasa ta rufe idonsa. Ya bar mata ɗaki da falo, da keken ɗinki, da ƙanenta Nonso, wanda har ya yi gemu bai taɓa furta kalma ba. Ita ke masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki. Manema sun zo, amma duk wanda ya ji da Nonso za ta tare, sai ya ɗauke ƙafa.

Ta haura hamsin Nonso ya rasu. Dangi a Aba suka ce ta dawo gida, ita kuwa ba ta san wani gida ba bayan Kafanchan. Ta zauna. Takan zuba shinkafa kwano biyu kafin ta tuna.

Wata ranar kasuwa ta ji wata mai citta tana roƙon direba ya tashi da wuri, wai ta kulle 'yarta a ɗaki tun safe. Uloma ta matsa kusa.

"'Yar'uwa, me ya same ta?"

Matar, Damaris, ta sunkuyar da kai, ta amsa da Hausar yankin mai ce wa mace "shi". "Haka Allah ya ba ni shi, Mama. Ba ya magana."

Uloma ta shiga motar, ta bi ta har Fadan Kagoma. Ta tarar da 'yar, Keziya, budurwa ce sosai, zaune a tabarma tana kaɗa jiki. Maƙwabta sun hana yaransu shiga gidan, wai maita ce. Uloma ba ta taɓa ta ba, ta zauna nesa kaɗan tana rera waƙar coci a hankali, har kaɗawar ta lafa.

"Yaushe rabonki da sujada?" ta tambayi Damaris.

"Tun da ya yi ihu a coci, mutane suka juyo."

"Ran Lahadi ki sa kayan zumuntar matan coci. Zan zo."

Haka aka yi shekaru. Uloma ta fito daga sujadar asuba, ta hau mota, ta zauna da Keziya. Damaris ta tafi coci, ta biya gaisuwa, wani lokaci barci kawai take yi. Labari ya kai Zonkwa da Samaru Kataf, iyaye masu 'ya'ya irin Keziya suka fara aiko mata. Ta roƙi matan cocinsu su taya ta. Wasu suka leƙa, suka ce aikin sai mai zuciya, ba su sake ba.

Bara ɗan Damaris ya sami aiki a Abuja, ya zo ya kwashe su. Uloma ta raka su tasha. Damaris na ta kuka da godiya. Keziya ba ta dubi kowa ba, amma ta damƙe bakin zanen Uloma, sai da yayanta ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Damaris takan kira jefi-jefi, ta sa wayar a kunnen Keziya. Uloma ta yi ta rera waƙa, ba ta jin komai sai numfashi, har layin ya yanke.

Yanzu Zonkwa take zuwa ran Lahadi. Gwiwa ta fara damunta, har yau kuma ba ta sami wadda za ta riƙa zuwa tare da ita ba.