Gaisuwar Suruki a Gindin Tsamiya

Malam Sagir malamin firamare ne a Kaikai, kuma tun yana saurayi babu abin da yake so kamar digiri. Rai na so, hali ya hana: ga gona, ga iyali, ga tsohuwa kwance ba lafiya. Da aka ce yanzu ana yin jami'a ta waya, sai ya ce to, abin nema ya samu.

Sai dai sabis a Kaikai ba ya shiga ɗaki. Wuri ɗaya yake sauka, gindin wata tsamiya a bakin hanyar Kusada. Nan Sagir ya shafe shekaru, rani da damina, malamai na magana daga birni, murya na yankewa, shi kuma yana ciko da ka. 'Yan acaɓa har suna suka sa masa, Farfesan Tsamiya.

Ranar jarrabawar ƙarshe aka gindaya sharaɗi: kyamara a buɗe, ido a kan waya, ba magana da kowa. Wanda ya kauce, na'ura ta ɗauke shi ɓarawon amsa.

Ya ci rabi ke nan, amsa na zuwa masa a sauƙaƙe, sai ga sallama. Baba Manu ne, mahaifin matarsa Lailatu, sanda a kafaɗa, za shi kasuwa. Wa ya taɓa amsa wa suruki sallama ido na kan waya? Kafin Sagir ya yi tunani, jiki ya riga shi. Ya aje waya, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, Malam. Ya iyali? Ya ruwa? Ya jikin tsohuwa?"

Dattijo bai san sauri ba, har gero sai da ya tambayi lafiyarsa. Ko da ya wuce, an rufe shafin.

Sagir ya yi ta aika bayani, amsa ɗaya ke dawowa: ka bar wurin, an kuma ji muryar wani. Aka kore shi daga jami'ar. Abin da ya fi ci masa rai, babu ƙofar da zai je ya yi sallama, babu mutum mai fuska da zai ba haƙuri.

Har yau yana koyar da 'yan aji uku da tsohuwar takardarsa. Ya hana kowa faɗa wa Baba Manu abin da ya faru. Shi kuwa dattijo, duk inda ya zauna sai ya yi alfahari: "Mijin Lailatu ai ɗan halak ne. Duk bokonsa, waya ba ta hana shi gaisuwa."