Manhajar da Ta Tsallake Sarkin Noma

Ba na jin zan manta ranar da manhajarmu ta kusa raba mu da wani ƙauye guda a gefen dam ɗin Watari. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciya a ofishin ƙungiyar manoman rani, ni ke kula da manhajar da ke tura musu saƙon waya idan za a saki ruwa. Shekarun nan ne da fetur ya gagari kowa.

Manhajar akwai sanyin jiki. Sai ta tura saƙo ɗaya, ta zauna jiran amsar kamfanin waya kafin ta taɓa na gaba, janareto kuwa yana ta zuƙar mai. Shugabanmu, Malam Nasiru, ya ce, "Hadiza, wannan abar taki sai ta talauta mu." Sai na sauya mata tsari. Tunda a ganinmu babu saƙon da ya dogara da wani, na sa ta sake su gaba ɗaya, ta riƙa karɓar amsa duk sadda ta zo, kamar mai girkin da ta ɗora sanwa ta hau yankan kuɓewa. Aiki ya yi sauri, har ina jin kaina.

Washegari sai ga Baba Haladu, Sarkin Noman ƙauyen, a kan babur, fuskar nan babu annuri. Ashe a tsohon tsari shi ke fara samun saƙon, shi kuma ya sanar a masallaci.

"'Yata," in ji shi, "jiya surukina, wanda ko ido ba ya haɗawa da ni, shi ya ba ni labarin ruwa a gaban jama'a. A cire ƙauyenmu daga ƙungiyar."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri. Ai tare saƙonnin suka fita, naka hanya ce ta riƙe shi."

"Tare? Ni da surukin nawa tare?"

Malam Nasiru ya yi ta ba da baki, ni kuwa na koma na ƙara wa manhajar umarni ɗaya: a tura wa Sarkin Noma, a jira tabbacin ya isa, sannan a saki sauran a tare. Da aka yi masa bayani ya gyara hula ya ce, "To, yanzu ta samu tarbiyya."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kafin ku ce ayyuka ba su dogara da juna ba, kada ku tambayi kwamfuta kaɗai. Ita ba ta da suruki.