Ranar da Na Raba Rijiyoyinmu da na Tibiri

Shekarar da na fara aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, mai kula da rijiyoyi da famfuna a Dogon Dutsi, aka ce mu kwashe bayananmu daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa. Ni aka ɗora wa aikin, don ni kaɗai ce na karanci odinatar, wato kwamfuta, a cikinmu.

Bayanan jadawali uku ne: na gundumomi, na ƙauyuka, na rijiyoyi. Kowace rijiya da layinta, ɗauke da lambar ƙauyenta, kowane ƙauye kuma da lambar gundumarsa. Tun da aka ba Tibiri nata yanki, rijiyoyinta na nan cakuɗe da namu. Shugabanmu ya ce in aika musu nasu, sannan in goge su daga wurinmu.

Aikawar ba ta ba ni wahala ba. Gogewar ce ta gagara. Umarnin da na saba rubutawa, mai haɗa jadawali biyu ya goge kai tsaye, sabuwar manhajar ta ƙi karɓarsa. Kwana biyu ina gyara shi, tana mayar mini da jan rubutun kuskure.

Rana ta uku na gaji, na ce bari in bi sunayen ƙauyuka in goge. Akwai wani dattijo a bironmu, mai gyaran famfo, wanda ya tsufa yana zaga karkara a kan babur. Ya ji ina karanto sunayen, ya aje kofin shayinsa.

"Ɗiyata, wanga ƙauye da kika ambata, wanne daga ciki? Biyu na. Guda na Dumega, guda can wajen Dogon Kiriya."

Na ɗauke hannuna daga odinatar. Dumega ta Tibiri ce, amma Dogon Kiriya tamu ce. Da na danna, da famfunan wani ƙauye sun ɓace daga jerin masu jiran gyara.

Na bar sunaye na koma lambobi. Na sake rubuta umarnin daga tushe: goge duk rijiyar da lambar ƙauyenta ke cikin ƙauyukan da gundumarsu ta koma Tibiri. Tambaya a cikin tambaya ke nan ga manhajar. Kafin in goge, na sa ta fara nuna mini layukan da za su tafi.

"Baba, zo ka duba mini."

Ya ja kujera. Ina karantawa yana gyaɗa kai, wani lokaci har ya gaya mini zurfin rijiyar da wanda ya haƙa ta. Babu tamu ko ɗaya a ciki.

Na yi bisimilla na danna. Babu jan rubutu. Na goge ƙauyukan ma, tunda yanzu babu rijiyar da ke rataye da su. Na miƙe tsaye ina tafi ni kaɗai, har sakatariya ta leƙo.

"An yi haihuwa ne?"

"An gama ƙaura!" na ce mata.

Dattijon ya ɗauki jakar kayan aikinsa yana dariya, ya ce in fitar masa da jerin Dogon Kiriya a takarda, can zai nufa da sassafe.