Ranar da Hajja Mariyamu Ta Yi Maraba Sau Biyu

Duk wanda ya zauna a Ruwais ta Jidda ya san gidan Malam Gwadabe tela, in ba don ƙarar kekensa ba to don fanken matarsa Rabi'a. Umara ce ta kawo su daga ƙasar Kano. Suka ce sai sun yi Hajji su koma, Hajji ya wuce suka ce sai baɗi, har baɗin nan ta tara musu 'ya'ya biyar. Zinariya ce auta. Hausarta irin ta haifaffun Jidda ce, tana ji tsaf, amma in ta buɗe baki Larabci ke riga fita. Uwarta kan ce Hausar Zinariya kunu ce da ya sha ruwa, ana gane kunu ne amma ba ya riƙe ciki. Abin da ta kwaso cikakke daga gida shi ne kunya. In tsohuwa ta ce mata rana daga yamma take fitowa, sai ta sunkuyar da kai ta ce haka ne, Inna.

Ta yi karatun jinya, ta ɗan taɓa aikin asibiti, daga baya wata ƙungiyar agaji mai kula da ribaɗi ta ɗauke ta. Ribaɗi gidan waƙafi ne, inda tsofaffin matan da ba su da kowa ke zama kyauta. Aikinta ta duba kowace tsohuwa ta ba ta lamba. Ɗaya, mai iya yi wa kanta komai. Biyu, wadda sai da mai taya ta da sa ido. Uku, wadda ta kwanta, sai an ɗaga an juya. A kan lambar nan ake raba ɗaki da mai hidima da magani. Kuma ta iya aikin. Ta sha zaunar da 'yan Yaman da Habashawa ta tambaye su wa ke musu wanka, ko fitsari na kufce musu, ko sun san yau wace rana ce. Ko gezau ba ta yi, don da Larabci take tambayar.

Ruwan da ya ci Jidda gab da Babbar Sallar 2009 ya tsaga bangon wani tsohon ribaɗi, aka ce dole a kwashe matan. An samu gini a unguwar Bani Malik: 'yan lamba ɗaya su hau bene, kowacce da ɗakinta da murhun gas ɗinta, 'yan biyu su zauna ƙasa da mai hidima, 'yan uku kuma a kai su gidan jinya can bayan unguwar masana'antu. Kafin labarin ya gama zaga ɗakuna ya rasa cikinsa, saura kai da wutsiya. Abin da tsofaffin suka riƙe shi ne duk wadda aka samu da ciwo, gidan jinya za ta, kuma ba a dawowa.

A gidan akwai Hausawa biyu da ɗakunansu ke manne, Hajja Mariyamu Bakatsiniya da Lubabatu 'yar Damagaram. Tun suna da ƙarfi tare suke sayar da gyaɗa a bakin makarantu, mazansu suka rasu, tsufa ya same su tare. Ranar da Zinariya za ta zo, Lubabatu ta share ɗaki, ta turara shi, ta ranganɗa wa Mariyamu kwalli, ta ɗora shayi.

Mariyamu kuwa ta tarbi baƙuwa yadda ake tarba. Ina gajiya, ina gida, ya iyali, ya muka ji da ruwa, ya mutanen Ruwais, Allah ya jiƙan na ƙasa. Babu inda ta yi tuntuɓe. Zinariya ta ji kamar a gaban kakarta take, wadda ba ta taɓa gani ba. Ta auna jini, ta sa Mariyamu ta taka zuwa ƙofa ta dawo, ƙafa garau. Da aka zo tambayoyin nan sai harshenta ya yi nauyi. Da wane baki za ta tambayi sa'ar kakarta zancen fitsari da Hausa? Ko ta ce mata yau wace rana ce, sai ka ce ta raina mata hankali? Ta tattara duka ta mayar da su tambaya ɗaya, ya jiki. Aka ce alhamdulillahi. Ɗan abin da ta daure ta tambaya kuma, Lubabatu ce ke cafewa ta amsa. Zinariya ta ba su lamba ɗaya su biyun, ta sha addu'a, ta fita da farin ciki.

Sai da ta shiga motar ƙungiya ta ga ta bar abin awon jini a kan tabarma. Ta ce wa direba ya jira, ta koma da sallama.

Mariyamu ta ɗago da fara'a. "Maraba da baƙuwa. 'Yar wace ce wannan? Lubabatu, ɗora mata shayi mana."

Kofin da Zinariya ta sha yana nan kan faranti, ko hucewa bai gama yi ba. Ta dubi Lubabatu, Lubabatu ta dubi ƙasa. Mariyamu kuma ta ɗauko gaisuwa daga farko, ina gajiya, ina gida, kalma bayan kalma kamar ɗazu.

Zinariya ta ji haushin kanta, ta ji tsoro kuma, don saura kaɗan ta aika matar nan bene ita kaɗai da gas da ƙofa mai fita titin da ba ta sani ba. Ta cire takalmi ta sake zama. Ta roƙi Lubabatu don Allah ta yi shiru, ta ce a ranta ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta shiga tambaya ɗaya bayan ɗaya da gurguwar Hausarta, gumi na karyo mata. Mariyamu ta ce ai watan azumi ake ciki. Ta ce maigidanta ya tafi tashar jirgin ruwa, yanzu zai shigo. Ta kasa faɗin abin da ta karya da shi.

A tsakar gida Lubabatu ta fasa ƙwai. Abin ya kai shekara biyu. Mariyamu ta sha barin gas a kunne, ta taɓa fita aka tsinto ta wajen kasuwar kifi ba takalmi. Ita ke mata wanka, ita ke ba ta abinci, don daga hannun kowa ba ta karɓa. Ɗaki ɗaya suke kwana, in za su kwanta sai ta ƙulle bakin zanenta da na Mariyamu, don in ta motsa ta ji.

"Ki bar lambar yadda kika rubuta, ɗiyata," in ji ta. "In kuka kai ta gidan jinya, ba ta kai wata."

"Wallahi, Inna, in na bar ta a ɗaya, ni na kashe ta. Biyu ce. Ba uku ba, biyu."

Sai a nan Lubabatu ta ji cewa akwai wani abu tsakanin bene da gidan jinya. Amma hankalinta bai kwanta ba, don nan take ta gano ita sama za ta, Mariyamu ƙasa. Ta ce to ita ma a ba ta biyu, ai ga gwiwa na damunta. Zinariya ta duba gwiwar da gaske, ta lanƙwasa ta miƙe, ta ce khalas, shi ke nan, gwiwar nan ta fi tata lafiya, ɗaya ce. Ran Lubabatu ya ɓaci. Ta ce dama an gaya mata 'ya'yan Jidda ba su san mutunci ba, ta shige ɗaki ta saki labule.

Zinariya ta gyara lambar Mariyamu, ta bar ta Lubabatu. A wurin da ake bayanin abin da mai lamba biyu ke bukata, ta rubuta gaskiyar da ta gani: matar nan mutum ɗaya ta sani a duniya, daga hannunta kaɗai take ci, raba su daidai yake da hana ta magani. Likitan kwamitin rabon ɗakuna, Dakta Abdulghaffar, mutum ne da ba ya karɓar magana a baki. Ya ce ɗakunan ƙasa sun yi kaɗan, sai ya gani da idonsa. Ya je, ya miƙa wa Mariyamu dabino, ta yi godiya mai kyau ta ajiye a gefe. Lubabatu ta ɗauki dabinon nan ta miƙa mata, ta cinye. Ya gani da idonsa, ya tafi.

Kwanakin jira sun yi wa Zinariya tsawo. Ta koma gidan sau da yawa duba sauran matan, kuma in ta gaishe da Lubabatu sai ta amsa wa bango. Wannan ya fi zagi ciwo a wurinta, har ta kai ƙara wajen uwarta. Rabi'a ta ce ta yi haƙuri, fushin tsohuwa ba ya kaiwa Sallah. Da takardar rabon ɗakuna ta fito, Zinariya ta bi sunaye da yatsa har ta same su: ɗaki ɗaya a ƙasa, gado biyu, da mai hidima.

Bayan sun tare ta leƙa su wata rana da azahar. A tsakar gida ta tarar da Mairo, mai hidimar, wata 'yar Chadi mai yawan dariya, ta zaunar da Mariyamu a inuwa suna ɓarar gyaɗa. An sa wa ƙofar waje sakata can sama inda hannu ba ya kai. Zinariya ta tambayi ina Lubabatu, tana shirin shan wani fushin. Mairo ta ɗora yatsa a leɓe ta nuna ɗaki.

Lubabatu na kwance da rana tsaka, ɗankwali ya zame, baki a buɗe, tana minshari ba ko kunya.

"Tun da muka zo haka take," in ji Mairo a hankali. "Jiya ta ce mini shekara biyu rabonta da ta kwanta ta ba ƙofa baya."

Zinariya ta daɗe a tsaye tana kallon bayan tsohuwar yana hawa yana sauka. Sannan ta ja ƙofar sannu a hankali don kada ta yi ƙara.