Allurar da ta kashe wa Dada yunwa

Talata ce ranar allurar Dada, mahaifiyata. Da safe nake goya 'yata in biya shagon Madam, wata 'yar Ibo mai sayar da lemo a bakin layinmu a Jimeta, don a firjinta nake ajiye maganin. Mu wuta sai ta ga dama take leƙo mu. Kullum sai na ce, "Madam, a jikin ƙofar firjin fa, kar ki kai shi wajen ƙanƙara, in ya daskare ya lalace."

Ita kuma ta ce, "Kai wannan mata, tsoro zai kashe ka kafin ciwo ya same ka."

Sai in naɗe shi a tsumma in sa a kula, in tari keke zuwa Malkohi, matsugunin 'yan gudun hijira. Can Dada take zaune tun shekarar da mutanen daji suka kore mu daga garinmu. Ta ce ba ta kwana gidan suruki ko da za a ba ta bene.

Da muka iso Malkohi, Dada kamar karan dawa take. Bayan 'yan shekaru jiki ya dawo har ya wuce na da, ciwon suga ya biyo baya. Likita ya duba ƙafarta ya ce in sugan bai sauka ba, wata rana sai an yanke ta. Hamma, yayana da ke tuƙin babbar mota, shi ya ɗauki nauyin sayen allurar.

Ban yi boko mai nisa ba, amma abin da nas ta nuna min ya zauna a kaina daram. Allurar kamar biro take. Sau ɗaya a mako, rana ɗaya. Kowane karo sabon tsinke. Wannan mako a ciki, na gaba a cinya, ba a maimaita wuri. Ba a ara wa kowa. In an tsallake, ba a haɗa biyu don ramuwa. Tsinken da aka yi amfani da shi ina jefawa a gwangwani mai murfi, saboda 'yata ba abin da ba ta kaiwa baki. Nas ta kuma ja min kunne: allurar tana rage cin abinci, Dada ta riƙa ci kaɗan-kaɗan, ban da maiƙo, ta yawaita ruwa. In amai ya ƙi tsayawa ko ciki ya murɗa sosai, asibiti.

Duk na kiyaye. Abin da ban yi zato ba shi ne kwano.

A Malkohi, mutanen garinmu ba sa dafa abu su ci su kaɗai. Tun zamanin bin layin abincin agaji suka saba, kowa ya sauke tukunya sai ya aika wa tsoho. Kwano uku, huɗu suna zuwa ɗakin Dada, kuma ba wanda ke komawa da saura. Na sha tarar da ita tana tura tuwo, gumi na zuba, idonta ya yi ja, tana haɗiya kamar mai shan maɗaci. In ta gama sai ta zagaya bayan ɗaki ta amayar.

Na ce, "Dada, in kin ƙoshi ki bari mana. Wa ya riƙe miki bulala?"

Ta ce, "Ban ƙoshi ba. Yunwar ce ba na ji."

"To ai aikin allurar ke nan."

Ta ajiye kwanon ta dube ni. "Ke yarinya ce lokacin da muke ɓoye a kan dutse. Da fari yunwa tana cizo, kowa yana kuka. Daga baya sai ta yi shiru. Duk wanda ya ce min ya daina jin yunwa, ni na rufe masa ido. Babanki da bakinsa ya ce min cikinsa ya lafa."

Na wanke kwanon na kife.

Na zaga maƙwabta na roƙe su su rage aike. Goggo, aminiyar Dada tun gida, ta tafa hannu. "Oho, 'yan Jimeta an waye! Ki dubi uwarki, zani yana zagaye ta sau biyu. Da ƙyar muka tara wannan jikin, ke kina zuwa duk Talata kina tsiyaye shi da tsinke."

Na ce, "Goggo, ƙafarta ake ceto."

"Ƙafa ba ta tafiya sai da ciki, 'yar nan."

Washegari kwanonin suka ƙaru.

Wani mako aman ya ƙi tsayawa, ko ruwa ba ya zama, bakinta ya bushe. Na kai ta asibiti aka ƙara mata ruwa. Likita ya ce za a koma ƙaramin awo, a bi a hankali, sugan ma ya fara sauka. Na yi murna har na kira Hamma.

Talatar da ta biyo baya na buɗe kula, Dada ta riƙe bakin zaninta. "Mayar. In mutuwa za ta zo, ta same ni ina jin yunwata."

Na roƙa, na yi kuka. Hamma ya yi mata magana ta waya, ta ce masa Allah ya tsare hanya, ta miƙo min wayar. Nas ta ce ba a yi wa babba allura dole, in ci gaba da lallashi, in tabbatar tana shan ƙwayoyin sugan da likita ya ba ta. Tana sha ran da ta tuna.

Yanzu cin Dada ya dawo. Jiya na same ta a tabarma ita da Goggo, suna cin tuwo da miyar kuka suna dariya. Da na durƙusa gaisuwa na ga jini a silifas ɗinta. Ƙaya ce ta shige tafin ƙafar, wurin har ya fara baƙi. Na sa farce na zare ta a hankali, ina jiran Dada ta ce wash. Ba ta ko waiwayo ba. Ta miƙa wa Goggo kwano ta ce a ƙaro miya.